Ɗanɗano Ba Ci Ba Ne

Likitar ƙashi ta ɗaga hoton gwiwar ta kara shi a jikin fitila, ta nuna da bakin biro inda ƙashi ke gogar ƙashi. Uwar Kicin ta duba, ba ta ga komai ba sai baƙi da toka-toka, amma ta gyaɗa kai, don ciwon ai ta fi hoton saninsa. Shekara uku ke nan gwiwar hagu tana riga agogo tashinta.

Likita ta ce aiki za a yi, amma ba yanzu ba. Sikeli ya nuna kilo ɗari da huɗu, ita kuma ba za ta sa wuƙa a gwiwar da za ta koma ɗaukar wannan kaya ba. A sauke goma sha biyu cikin wata biyar, sai a sa rana. Daga nan ta jawo takarda ta tambayi abin da take ci daga safe zuwa yamma.

"Ni? Ai ni ba na cin abinci, likita."

Likita ta ɗago kai ta dube ta sama da ƙasa.

"Wallahi, 'yar nan. Shayi da burodi da safe, sai ɗan abin da ya samu da yamma. Shekara goma sha tara rabona da in zauna in ci abincin rana."

Kuma gaskiya ta faɗa. Ita ce shugabar masu girki a wata masana'antar kwali, inda ake ciyar da ma'aikata ɗari uku da ƙarfe ɗaya na rana. Ma'aikatan ne suka sa mata Uwar Kicin, sunan ya bi ta har gida, har mijinta ma da shi yake kiranta in yana neman tsokana. Wanda ya zana ginin masana'antar bai taɓa ɗaukar tukunya ba. Ya sa kicin da ɗakin cin abinci da ofishin manaja a sama, sito a ƙasa, tsakaninsu matakala mai lanƙwasa biyu. Da can takan hau ta sauka sau goma a yini. Yanzu sau ɗaya take hawa, tana riƙe da ƙarfe, tana tsayawa a tsakiya kamar mai jiran wani, in ta hau kuwa ba ta sauka sai an tashi.

Manaja ya lura. Mutum ne mai ladabi, irin ladabin nan da ke sa gaban mutum faɗuwa. Ya kira ta, ya ba ta kujera, ya ce kamfani ba zai manta da hidimarta ba. In gwiwar ta ƙi gyaruwa kafin ƙarshen shekara, akwai tebur a bakin ƙofar ƙasa inda ake karɓar katin abinci, zama ne kawai, ba hawa ba sauka. Kicin kuma sai a miƙa wa wani. Ta yi godiya ta fito. Karɓar kati, ita da ke gane shinkafa ta nuna daga ƙarar tafasarta.

Saboda haka ta kama takardar likita hannu bibbiyu. A rage mai, a bar sukari, rabin faranti ya zama ganye, a yi tafiyar minti talatin kullum a ƙasa miƙaƙƙiya, a zauna a kujera a ɗaga ƙafa sau ashirin safe da yamma. 'Yarta Auta, wadda ke aikin buga takardu a wani ofis, ta liƙa takardar a ƙofar firiji, ta sayo sikeli, ta ɗauke gwangwanin sukari ta kai wa maƙwabta. Mijinta, tsohon direban bas ne da ya ajiye aiki, ya ce zai riƙa raka ta tafiyar safe, kada mutanen layi su ga mace ita kaɗai tana sauri su ɗauka yaji ta yi.

Bayan asuba sukan fita, su zagaya katangar wata makaranta sau biyar. Tana ɗingishi, yana ba ta labarin hanyoyin da ya bi shekara talatin. Burodin safe ya koma yanka ɗaya. Shayi ya zama ruwan zafi mai launi. Da yamma aka cika tukunya da kabeji da karas, kuma tunda tukunya ɗaya ce a gidan, kowa ya ci abin da ta ci.

Da aka yi sati shida, mijin ya sauke kilo biyar. Ba wanda ya aike shi, ba likitan da ya roƙe shi. Wandonsa ya fara zamewa, ya ɗauki ƙusa ya huda sabon rami a bel yana fito. Ita kuwa sikeli ya ba ta ɗari da uku da rabi.

Ba irin hawan da ba ta yi wa sikelin nan ba. Ta hau ba ɗankwali. Ta hau ta riƙe numfashi. Ta kai shi tsakar ɗaki, ta kai shi banɗaki, ta sa Auta ta canza masa batir. Amsa ɗaya. Masu shawara kuwa ba su yi ƙaranci ba. Maƙwabciyarta ta ce ruwan ɗumi da lemon tsami kafin a yi magana da kowa. Telarta ta ce a bar shan ruwa bayan an ci abinci, shi ke zama a ƙugu. Ƙanwarta ta bugo waya ta ce ta daina wahalar da kanta, su nauyin ƙashi ne da su, gado ne, ko ta manta mutum shida ne suka ɗaga kakarsu ranar da ta faɗi a tsakar gida? Uwar Kicin ta gwada lemon tsami, ta gwada ƙishirwa, ta rasa yadda za ta gwada gado.

Ranar komawa asibiti likita ta dubi sikeli, ta dubi takarda, ta fara tambaya. Lemon kwalba? A'a. Biskit, gyaɗa, ɗan abin taɓawa tsakanin abinci? A'a. Tafiyar fa, ana yi? Ta ce a tambayi mijinta, ga shi can a benci, ya kusa ƙarewa.

"Mama, jiki ba ya haɗa kitse da iska," in ji likita. "Akwai inda yake shiga. Ki nemo ƙofar."

Ta fito ranta a ɓace, don a shekarunta ba a saba ce mata maƙaryaciya ba, ko da a cikin ladabi ne. A cikin bas sai ɓacin ran ya koma tsoro. Ta juya ta tambayi mijin a hankali ko ya taɓa ganin ta tashi cikin barci ta buɗe tukunya. Ya ce da ya gani da ya bi ta, da irin kabejin da ake ba shi.

Haƙori ne ya tona asirin. Wani turmi da ya daɗe yana yi mata tsiya ya kai maƙura, aka cire shi wata Talata da sassafe, aka cusa mata auduga, aka ce kada wani abu mai zafi ya shiga bakin nan yau. Ta wuce wurin aiki da kumburarren kumatu.

Tsohon kukun da ya koya mata aiki, Allah ya jiƙansa, ya bar mata dokoki uku. Ta farko, bakin harshe maƙaryaci ne, don haka ba a lasa, cika ƙaramin ludayi ake yi a haɗiye, a maƙogwaro gishiri ke faɗin gaskiya. Ta biyu, kowace tukunya sau biyar ake jinta tun daga ɗorawa har saukewa. Ta uku, abin da ya fito daga tukunya ba ya komawa. Tukwanenta takwas ne kullum, biyu na shinkafa, biyu na wake, uku na miya, ɗaya na taliya, ban da nama da dankali da ake soyawa kashi-kashi, kowane kashi kuma sai an ɓara ɗaya an ji ko ya nuna har ciki.

To ran nan hannunta bai san an cire haƙori ba. Sai ya ɗebo, ya kai har bakin leɓe, sannan ta tuna. Mayarwa babu, zubarwa kuma ba ta iya ba, sai ta juye a wani kwanon silba da ke gefen murhu. Ta sake ɗebowa, ta sake tunawa, ta sake juyewa. Hankalinta yana kan wuta da agogo, ba ta ko kalli kwanon ba.

Sha biyu da rabi mataimakinta Dogo ya zo zai goge teburin. Mutum ne ɗan shekara hamsin, siriri kamar muciya, shekara goma sha biyu yana tsaye a gefenta. Ya ɗaga kwanon da hannu biyu.

"Yaya, wannan na masu lodi ne ko na masu gadi?"

Ta yi masa nuni da kai cewa na ba kowa ne.

"Ai kuwa an zuba. Har da tsoka tara, na ƙirga. Wa kike ɓoyewa haka?"

Ta cire audugar ta ce ɗanɗanonta ne na yau da ba ta samu ta yi ba. Dogo ya dubi kwanon, ya dube ta, ya buɗe baki, ya tuna ita ce shugaba, ya rufe. Ya ajiye kwanon a hankali kamar mai ajiye jariri, ya tafi yankan albasar da an riga an yanka.

Ta rufe kwanon ta tafi da shi gida, ita kanta ba ta san dalili ba. Da yamma aka ɗumama. Mijin ya ci, Auta ta ci, suka ƙoshi, aka rage. Ita tana zaune tana kallonsu da kofin ruwan ɗumi. Da ta ba su labarin inda abincin ya fito, Auta ta yi dariya har ta ƙware.

"Ban ga abin dariya ba. Ɗanɗano ba ci ba ne, aiki ne. A tsaye nake yi, ko daɗinsa ba na ji."

"Umma, shi cikin an gaya masa aiki ne?"

Mijin ya ce shi dai ba ruwansa, amma in ana ɗaukar ma'aikata a wannan aikin a rubuta sunansa.

Ba ta yi dariya ba. Ta zauna tana juya maganar ta ko'ina, ta ƙi zama. Ita a saninta ci shi ne a wanke hannu, a zauna, a ja faranti. Shekara goma sha tara tana tausayin kanta, tana ganin ta ciyar da mutum ɗari uku ita ta koma gida da cikin wofi. Har gori takan yi wa 'yan gidan da shi. Ashe abincin mutum biyu da rabi take ci kullum, ba ta taɓa ƙoshi ba, ba ta kuma taɓa jin yunwa ba.

Washegari ta rataye ƙaramin ludayin a ƙusa, ta ce daga yau Dogo ne zai riƙa ɗanɗanawa. Dogo gwani ne a wuƙa da wuta, amma sigari ya gama da harshensa tun kafin su haɗu, duk abin da ya sa a baki sai ya ce da saura. Ranar farko ma'aikata suka ci miyar, suka yi layi a famfo. Rana ta biyu ta hana shi taɓa gishiri, abinci ya fito salam, wani mai tuƙa motar ɗaga kaya ya leƙo ta tagar rabo ya tambaya ko asibiti aka mai da wurin ba a faɗa musu ba.

Ta gwada sawa a baki ta tofar a gwangwani. Bai yi ba. Harshen da ya saba jiran hukuncin maƙogwaro bai iya yanke komai shi kaɗai ba, kuma sau biyu cikin uku sai ta haɗiye sannan ta tuna. Tofar da abinci ma ya tsaya mata a rai, uwarta ta taɓa marinta a kan abin da bai kai haka ba.

Sati biyu aka yi a haka. Sikelin gida ya motsa a karon farko, ya ba ta ɗari da ɗaya da rabi. Farantai kuma suka riƙa dawowa da rabin abincinsu, bokitin zuba ragowa yana cika kafin ƙarfe biyu. Manaja ya sake kiranta, ya sake ba ta kujera.

"Mama, maganar ƙafa muka yi da ke. Ban san har da harshe ba."

Ta ce ana gyara ne. Ya ce ya yarda, sai dai ma'aikata ba gyara suke ci ba.

Ta koma kicin ta tsaya gaban tukwanen takwas kamar baƙuwa. In ta ɗanɗana, gwiwa ba za ta samu aiki ba, ta sauka teburin kati. In ba ta ɗanɗana ba, abinci ya lalace, ta sauka teburin kati. Gaba kura, baya siyaki, kuma duk su biyun tebur ɗaya suke kaiwa.

Auta ce ta yi tambayar da ta ƙara ɗaure mata kai, tana wanke-wanke, ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce wai gishiri nawa ake zubawa a babbar tukunyar miya? Uwar Kicin ta ɗaga hannu ta dunƙule shi. Ta ce kamar haka, sau kaza, sai kuma a gyara. Sau nawa? Ya danganta. Da me? Da abin da harshe ya ce. Auta ta ce to ke nan shekara goma sha tara ba ta san girkinta ba, bakinta ne ya sani.

Ta so ta zage ta, amma maganar ta kwana da ita. Ran Litinin ta sa aka hawo da ƙaramin sikelin sito, ta sauke ludayin daga ƙusa, ta koma ɗanɗano irin na da, cikakke, sau biyar kowace tukunya. Bambancin kawai, duk abin da hannunta ya ɗebo, gishiri ne, mai ne, barkono ne, sai ya bi ta kan sikeli kafin ya shiga tukunya, Dogo yana tsaye da guntun kwali da alƙalamin maka yana rubutawa. Abinci ya dawo daidai a take. Ma'aikata suka ce Uwar Kicin ta huce, ko ma da wa ta yi faɗa. A ƙarshen satin sikelin gida ya mayar mata da kilo ɗaya, tana ji tana gani. Mijin ya tambaya yanzu gaba ake yi ko baya. Ta ce in ta gano za ta faɗa masa.

Kwalin ya cika da rubutun Dogo mai kama da sawun kaza. Suka kafa shi a bango saitin murhu. Daga nan aka koma awo, ita kuma ta koma cokalin shayi, ɗaya tal kowace tukunya, dab da saukewa. Abincin ya fito da kyau, ba irin na da sak ba, amma ɗan'uwansa ne, kuma kullum iri ɗaya, ba ranar da ya fi wata. Wasu ma suka ce ya fi na da. Wannan ya fi ƙorafin yi mata ciwo.

Sai ga wani sabon baƙo. Wajen sha biyu hannunta ya fara rawa, kanta ya yi fayau, wani abu ya riƙa murɗa mata ciki. Ta tsorata, ta ɗauka sabuwar cuta ce, ta koma asibiti ba ranarta ba. Likita ta saurare ta har ƙarshe, har da labarin kwanon silba, ta danne murmushi, ta ce sunan cutar yunwa. Maganinta kuma a zuba abincin rana a faranti, rabi ganye, a zauna a ci a hankali.

"Likita, na zo ki rage mini ci, kin ce in fara ci?"

Likita ta ce haka ne.

Washegari, da aka gama rabo, ta ɗauki farantinta ta fita ɗakin cin abinci, ta zauna a ƙarshen dogon tebur. Hayaniya ta ɗauke. Wani ya tashi ya ba ta wuri ko da yake wuri ba ya ƙaranci. Wata daga sashen liƙa kwali ta matso ta tambaye ta ko lafiya. Kafin la'asar labari ya zaga masana'anta cewa an sallami Uwar Kicin, yau a matsayin baƙuwa ta ci. Sai da suka ga gobe ma ta zauna, jibi ma ta zauna, sannan suka saba, har suka fara leƙa farantinta suna yi mata jajen kabeji.

Daga nan nauyin ya fara zuba, kusan kilo ɗaya kowane sati, ba tare da wata hayaniya ba. Ita ba ta gane kansa ba: yanzu da take cin abinci sau uku take ramewa, da da ba ta ci take ƙiba. Ta bar neman ganewa. Zagayen katanga ya tashi daga biyar zuwa takwas, kuma mijin ne yanzu ke cewa a tsaya ya ɗaure takalmin da ba shi da igiya. Ɗaga ƙafa a kujera ya zama da ƙullin wake ɗaure a idon sawu. Telarta ta rage mata riguna sau biyu, tana cewa ai ta faɗa mata maganar ruwa.

A wata na huɗu likita ta ga yadda ake tafiya, ta ce an tanadar mata gado ranar kaza, ta zo da kayanta, in an yi duba na ƙarshe sai a kwantar da ita. Uwar Kicin ta shirya kamar mai tafiya wata ƙasa. Ta cike takardar hutun sati shida, manaja ya sa hannu. Ta yi wa Dogo karatun kwalin bango har ya haddace, ta hana shi kusantar gishiri ba da sikeli ba. Ta yafe wa kowa, ta nemi kowa ya yafe mata. Ƙanwarta ta taso daga nesa don jinya.

Ranar ta zo. Mijin ya riƙe filo da filas, ita ta riƙe jaka. Ta hau sikelin asibiti, ya ce casa'in da uku. Saura ɗaya. Ta fara roƙo tun kafin a ce mata komai, ta ce kilo ɗayan nan takalmi ne da mayafi, a bar ta ta cire, in ma da hali ta zagaya asibitin ta dawo.

Likita ba sikelin take kallo ba. Ta sa ta kwanta, ta lanƙwasa gwiwar, ta miƙe ta, ta danna nan ta danna can. Ta sa ta zauna a kujera ta tashi ba dafawa, sau biyar. Ta sa ta taka wani ɗan benen katako mai hawa uku ta sauko. Sannan ta tambayi yaushe rabonta da maganin ciwo. Uwar Kicin ta yi lissafi, ta buɗe jaka, ta ga katin maganin da ta saya tun watan jiya ko ɗaya ba a ɓalla ba. Aka ɗauki sabon hoto, likita ta kara shi a fitila kusa da tsohon. Ko ita Uwar Kicin ta ga ba bambanci.

"Ƙashin yana nan yadda yake, Mama. Amma ba hoto nake yi wa aiki ba, mutum nake yi wa. Gwiwar da ke yin abin da na gani yanzu ba zan yanka ta ba."

"Saboda kilo ɗayan?"

"Ba ruwan kilo ɗayan."

"Tsaya, 'yar nan. Da kin ce na yi nauyi ba za a yi ba. Yanzu na sauke, kin ce ba za a yi ba."

Likita ta ce haka ne. Ta tambaya to ta warke ke nan? Likita ta ce a'a, ƙashin da ya goge ba ya tsirowa, wata rana ƙila a yi aikin, ƙila shekara biyar, ƙila goma, ƙila ba za a taɓa yi ba. To ba ta da lafiya ke nan? Likita ta ce tana da ita daidai gwargwado, ta dawo bayan wata shida. Uwar Kicin ta tashi, ta kai bakin ƙofa, ta juyo.

"Takardar nan ta jikin firiji, yaushe zan cire ta?"

"Ba a cirewa. Ranar da nauyin ya dawo, ciwon zai riga shi isowa."

Wata biyar aka ce mata, wata biyar ta ƙulla a ranta, tana ƙirga kwanaki kamar ɗan kurkuku. Ta fito ta samu mijin a benci rungume da filo. Ya tambaya korarta aka yi ko sallamarta. Ta ce ita ma abin da ba ta gane ba ke nan, ya kai filon gida, ya gaya wa ƙanwarta ta sauke ruwan zafi, ita za ta biya masana'anta.

Manaja ya karanta takardar likita sau biyu. Ya jawo fom ɗin kamfani ya nuna mata: gida biyu ne kawai, ɗaya na wanda aka yi wa aiki ya warke, ɗaya na wanda ba zai iya ci gaba ba. Ita ba ta shiga ko ɗaya ba. Ya juya biro a hannu, ya tambaya an yi aikin? A'a. Ta warke? An ce a'a. Tana ciwo? Ta ce yau dai ba ta ji ba. Ya sosa ƙeya. Sai idonsa ya sauka kan jakar asibitin da ke gefen kujerarta, ƙatuwa, har da bargo a ɗaure a sama.

"Wa ya hawo miki da wannan?"

"Ni mana."

Ya ɗan jima yana kallon jakar. Sannan ya buɗe durowa ya tura fom ɗin ciki ba tare da ya cike ko gida ɗaya ba, ya soke takardar hutun da layi biyu, ya ce a bar maganar tebur, sai in ta sake tasowa.

Sha biyu da kwata ta tura ƙofar kicin. Wuƙaƙe suka tsaya. Mutanen da jiya suka yi sallama da ita har da hawaye suka tsaya suna kallon ƙafarta suna neman bandeji. Dogo ya tambaya har an yi? Ta ce ba a yi ba. An ɗaga? Ta ce an fasa. Suka dubi juna, aka rasa wanda zai fara. Wata ta ce Allah ya kyauta, wata ta ce kai, barka dai, sai suka juya suna gardama a tsakaninsu. Dogo ya ga abin zai yi tsawo, ya ce, "Barka, Yaya, kuma sannu," don kada ya yi kuskure.

Ta ce amin, ba ta san wanne ta amsa ba. Ta tura jakar ƙarƙashin tebur, ta ɗauko rigar girkinta ta sa a kan kayan fita. Igiyar da da ƙyar take haɗuwa a baya ta zagayo har gaba, ta tsaya riƙe da bakinta biyu tana tunanin inda ake ɗaure ta yanzu. Ta ɗaure a gefe, ta ce a rage wutar wake.